Goron Ƙanena Tanko

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba mai goro, daga zangon Bawku.

Ni da ƙanena Tanko tare muka fara bin ayari daga Salaga. Kowa ya san in an sauka zango sai a kwance huhu, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Mu kuwa don ƙauna muka riƙa sheƙa wa goron ruwa. Kafin mu kai Yendi goron ya ruɓe, fatake suna ta yi mana dariya.

Ni dai na rantse na bar fatauci, na zauna ina ɗinkin hula. Tanko ya koma, ya sake yin asara, ya dawo yana murmushi. Ya ce, "Yaya, yanzu hannuna ya san ruwa. Zo mu koma." Na ƙi.

Malam, yaron da na goya, bayan 'yan shekaru sai ga shi da jakunansa, dattawa na ce masa madugu! Haushin nan ne ya mayar da ni hanya, gabana na faɗuwa duk sanda zan kwance huhu. Na yi ta yi, har gorona ya fara isa Bawku lafiya.

Tsoro ya tafi, alhamdulillahi. Amma har gobe in mai saye ya ce goron Tanko ya fi kyau, sai ƙirjina ya ɗau zafi. Masu sauraro, mene ne maganin wannan?

A gaishe mini da Tanko. A gaya masa bana sai na riga shi shiga kasuwa.