Ɗakin Alhamis Ba Zai Zama Sito Ba

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da ya ba mu aron wannan bawa nasa, ya kuma karɓi abinsa a lokacin da ya so.

Mai girma shugaban asibiti, ranka ya daɗe. Malaman jami'a abokan aikin marigayi, likitoci, nas-nas da ungozomomi. Uwargidan marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa. Sai ku 'yan'uwana na ɗakin Alhamis da kuka cika bencinan baya. Assalamu alaikum, sannunmu da haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran keken ɗinki ne. Karatuna na ajin yamma ne, da furfurata na koyi riƙe alƙalami, don haka in na yi tuntuɓe a kan takardar nan ku yi mini uzuri. 'Yan ɗakin Alhamis ne suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu. Ɗakin Alhamis kuwa shi ne ɗan ɗakin nan na ƙarshen baranda, kusa da famfo, inda marigayi yake zama kowane mako da iyalan masu ciwon ƙwaƙwalwa da ciwon damuwa.

Akwai uzuri na biyu. Ina shigowa ɗazu wata 'yar'uwa ta zungure ni ta ce, "Baba, rufe haƙoran nan, ba gidan biki ka zo ba." Na yi ƙoƙari, sun ƙi rufuwa. Makon jiya 'yata ta haihu. Mace ce, mai cika hannu, ga gashi har goshi, in ta buɗe baki kuwa sai ka ce an kunna inji. Uwargida, ki gafarce ni. Bayan ikon Allah, mijinki ne ya ɗinka mini wannan farin cikin, shi ya sa na zo da shi nan.

Amma da tsoro a ƙarƙashinsa. 'Yata tana cikin makonnin da ciwon damuwarta zai iya dawowa, ɗakin Alhamis kuma a kulle yake tun ranar da marigayi ya kwanta. Zan dawo kan wannan.

Marigayi ya kasance masanin halayyar ɗan Adam, mai digiri a kan digiri, amma mu ba da wannan muka san shi ba. Malam Tukuna muke ce masa, a gabansa ma, yana dariya. Ka ce masa ɗanka ya warke, ya ce tukuna. Ka ce masa ɗanka ba zai warke ba, ya ce tukuna. Bai yarda a yanke hukunci a kan mutum da gaggawa ba, ko na daɗi ko na baƙin ciki.

Na san shi ne lokacin da 'yata ta yi haihuwar fari. Bayan ta haihu ta dawo gidanmu, sai yarinya mai surutu ta yi tsit. Ba ta son ɗaukar yaron. In aka miƙa mata shi sai hawaye, tana cewa ita ba ta isa ta zama uwa ba. Kowa ya shigo da nasa bayanin. Wannan ya ce sangarta ce, wancan ya ce hannu aka sa mata, wata ta ce a binciki mijin. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ce ta ja ni gefe ta ce, "Baba, ku kai ta ɗakin ƙarshe."

Muka same shi ya jawo kujerarsa gaban tebur, don ba ya zama a bayansa. Ya ce, "Ni ba ni da allura, ba ni da ƙwaya. Wannan aikin likitar ɗakin da ke kusa ne, kuma yau za ku gan ta. Ni tambaya ce sana'ata." Ya fitar da mu ya gana da 'yata ita kaɗai. Daga baya ta gaya mana ya ce mata yana tattara labarin gidaje irin namu don bincike, ya kuma nemi izininta iyayenta su zama idonsa a gida. Ya ce in ta ce a'a, a'a ce, ba abin da zai ragu a kulawar da za a yi mata. Ta yarda.

Sai ya kira mu, ni da Hajiya matata, ya gindaya mana dokarsa. Mutum biyu daga gida za su riƙa lura da mara lafiya, kowa da idonsa. Ba za su gaya wa juna abin da suka gani ba. Ranar Alhamis kowa ya shiga shi kaɗai ya faɗi nasa. "Sai fa in kun ga abin da zai cuce ta ko ya cuci yaron," in ji shi. "Wannan ba ya jiran Alhamis. Ku ɗauko ta nan take."

Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, ɗaki ɗaya fa muke kwana da mutumin nan. To hirar me za mu yi?"

Ya ce, "Ku yi gulmar maƙwabta, Hajiya, ban hana ba."

Wannan mako na sha tambaya. In na dawo daga shago sai Hajiya ta kawo mini ruwa da wani irin ladabi da ban saba gani ba, ta ce, "Malam, yaya ka ga 'yar taka yau?" In ce, "Tukuna." Ta ce, "Au, kai ma ka zama shi?"

Ranar Alhamis na shiga wurinsa da ƙarfina. Na ce 'yata ta samu sauƙi. Kullum na dawo ina samun ta zaune a tsakar gida, tana amsa gaisuwa, shekaranjiya har ta ɗauki yaron. Na ƙara da cewa ina ganin kewar mijinta ce kawai. Ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, wannan na ƙarshen zato ne. Ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmi. Ba ni abin da ido ya gani."

Hajiya ta shiga, ta fito idonta ja. Da ya haɗa mu sai na ji abin da ta faɗa: wai jikin sai baya yake yi. Tun asuba idon yarinyar biyu, fuskarta a bango, ba ci ba magana sai rana ta raba. Nan muka kusa kacamewa a gaban mutum.

Ta ce, "Kai wace 'yar kake kallo?"

Na ce, "Tawa."

Ta ce, "To ni ta wa nake kallo, ta mai gawayi?"

Ya bar mu muka gaji, sannan ya ce, "Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku. Hajiya safiya take gani, Baba yamma yake gani. Wannan ciwon sau da yawa da safe yake danne mutum, ya ɗan sassauta da yamma. Da kun haɗa baki a gida, wanda ya fi murya zai rinjaya, ni kuma a kawo mini rabin labari. Kuma na riga na gane wanda ya fi murya a gidanku."

Daga ranar aka daina barin 'yata ita kaɗai da safe. Surukina ya riƙa biyowa kafin ya tafi aiki. Likita ta ba da magani, Malam ya ci gaba da zama da ita suna magana. Ba a dare ɗaya ta tashi ba, an ɗauki watanni. Yaron nan yau makaranta yake zuwa, kuma uwarsa ce take ɗaura masa igiyar takalmi.

Ya kasance mai bincike da ba ya ruɗin kansa. So yake ya gane ko gidajen da ake lura da ido biyu sun fi saurin gano dawowar ciwo a kan gidajen da mutum ɗaya ke kawo labari. Wata rana na ce masa, "Malam, ai ka gani a gidana, abin nan yana aiki! Ka shelanta a rediyo." Ya ce, "Tukuna. Gidanka gida ɗaya ne, Baba. Wataƙila maganin ne, wataƙila lokaci ne, wataƙila Hajiya ce. Sai na ga gidaje da yawa, har da waɗanda bai yi musu aiki ba."

Ya kasance mai bin sawun waɗanda suka daina zuwa. Kun san tsohon babur ɗinsa mai madubi ɗaya. A kansa yake shiga lungu-lungu yana sallama, ba don ya yi faɗa ba, sai don ya ji dalili. Yakan ce mu masu zuwa daɗin baki za mu yi masa, waɗanda suka gudu su ne za su gaya masa inda ya kuskure. Ya koyar da nas-nas, ya koyar da ungozomomi. Mu kuma ya koya mana mu daina ɓoye marasa lafiyarmu a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi.

Uwargida, mun san abincinsa na Alhamis a sanyaye yake cin sa, kuma mu ne sanadi. Ki yafe mana. 'Ya'yansa, mun ci daga lokacin da ya kamata ya zama naku. In wata rana wani tsoho ya tare ku a hanya ya riƙe hannunku ya ƙi saki, kada ku tsorata, ɗaya daga cikinmu ne.

'Yata ta yi shekaru tana tsoron sake haihuwa. Da ita da mijinta suka je wurinsa, bai yi musu ƙarya ba. Ya ce, "Yana iya dawowa. Wadda ta taɓa yi ta fi kusa da shi. Amma wannan karon ba zai same mu muna gyangyaɗi ba." Suka tsara komai tare da likita, ya ce ni da Hajiya mu sake wanke idanunmu. Cikin ya tsufa kenan Allah ya ɗauke Malam. Da labari ya iso, abin da 'yata ta fara cewa shi ne, "Baba, yanzu wa zai saurare ku?"

Ranka ya daɗe shugaban asibiti, wannan tambayar na kawo maka. Mun leƙa ta taga mun ga an fara jibge kwalaye a ɗakin. Mun ji ana cewa sito za a mayar da shi. Wannan ji ne, ba gani ba, don haka ban riƙe ka da shi ba. Mun san asibiti yana da ƙarancin wuri, mun san nauyin da ke kanka. Ba gini muke roƙo ba. Ga ɗalibarsa can, wadda muke kira Malama Ƙarama. Shekaru ta yi tana zaune a gefensa, ta san aikin, ta san gidajenmu, binciken da bai ƙarasa ba yana hannunta. Makulli muke roƙo a ba ta, da izini. Bencin da ya karye akwai kafinta a cikinmu. Ƙofar da ke ƙara ni ina da mai.

'Yan ɗakin Alhamis, ku miƙe a gan ku. Ranka ya daɗe, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya baro wani a gida.

Tun ranar da aka sallamo 'yata nake kallo, Hajiya ma tana kallo, kuma ba mu gaya wa juna ba. Akwai abin da na gani da nake so mai ilmi ya ji, na kuma lura Hajiya tana yawo da nata a baki. Alhamis mai zuwa da hantsi za mu zo. In ƙofa a buɗe take, mu shiga ɗaya bayan ɗaya. In a kulle take, Malama Ƙarama ta ce za ta fito da kujerarta baranda, Hajiya ta tsaya can wajen famfo har in gama. Alhamis ta bayanta ma za mu zo, da ta bayan wannan.

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na gode wa iyalinsa da suka bar mu muka yi kuka tare da su, na gode muku da kuka jure karatun ɗan ajin yamma.

Ya Allah, bawanka ya saurari waɗanda mutane suka gaji da sauraro, Ka karɓe shi da rahama. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka rufa wa iyalinsa asiri. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka ba masu jinyarsu ƙarfi. Ka raya mini jikata a hannun uwarta. Ka kuma tausasa zuciyar mai riƙe da makulli.

Amin. Mu haɗu a ƙarshen baranda.