Loma Daga Hannuna

Iyayena mata, 'yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Yesu wanda ya tsayar da ni a gabanku yau. Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu, matar Bitrus mai albasa, muna zaune a unguwar Badariya nan cikin Birni. Waɗanda suka san ni kuwa, ai ku ne kuke cewa in babu dafa-dukar Maman Godiya biki bai cika ba. To, wannan Maman Godiyar ce ta yi shekara uku 'yarta ba ta ci abincin hannunta ba. In muryata ta karye, ku yi haƙuri da ni.

Abin ya fara ne daga robar man gyaɗa. Maigidana yana sarin albasa a Augie, yana da 'yar fadama kuma da yake nomawa can. Wata rana ya juye ragowar maganin feshi a tsohuwar robar mai, ya ajiye a kicin kusa da tawa. Na ɗauka zan zuba a tukunya, wari ya buge ni, na ajiye. Shi ke nan fa! Ko ɗigo bai shiga ba. Na wanke shi tas da faɗa, ya ba ni haƙuri, har muka yi dariya.

Amma abin bai bar kaina ba. Washegari na sauke miya, sai wani tunani ya ce, "Kin tabbata man gyaɗa kika zuba?" Na shinshina, na ɗanɗana, lafiya lau. Ya ce, "To hannunki fa? Ai jiya ya taɓa robar." Na ɗauki tukunyar nan na juye a kwata. Na sake ɗora wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Tun daga ranar na zama baiwar wannan tunani. In wanke hannu da omo, in ɗauraye, in sake, har fata ta tsage tana jini. Na canza tukwane, na canza kicin ɗin gaba ɗaya, a banza. Ko awakin unguwa ba na bari su lashi abin da na zubar, kada su mutu a ce ni ce. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san babu komai a abincin. Na sani sarai! Sanin ne dai bai hana ni ba.

Godiya tana da shekara biyar lokacin, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ta dawo daga makaranta da yunwa, ta tarar da ƙamshi ya cika gida, tukunya kuma wayam. Wata rana na daure na zuba mata shinkafa. Ta kai cokali baki ke nan na fizge kwanon, na sa yatsa na kwakulo abin da ke bakinta. Ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi, kallon da har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Bitrus ya yi iya yinsa. Mutumin da ya wuni cikin buhunan albasa, sai ya biya wurin mai abinci ya sayo musu a leda. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya daina magana. An yi mini addu'a, na yi azumi, na kuma gode wa duk wanda ya durƙusa domina. Amma na ji abin da wasu suke faɗi a bayan idona, cewa macen da take tsoron girkinta ita ta san abin da take zubawa ciki. Ban riƙe kowa ba. Na dai ji, kuma ya yi mini ciwo.

Sai yayar maigidana, Yaya Saratu, mai sayar da bandar kifi a Argungu, ta kawo mana ziyara. Ita ta yi girki ran nan. Tana zaune ta ga Godiya ta ɗauki kwanonta, ta nufi kwata, ta juye tuwon. Ta ce, "Ke, mi kika yi haka?" Yarinyar ta ce, "Gwaggo, akwai guba. Haka Mama take yi."

Yaya Saratu ta juyo ta ce da ni, "Rifkatu, ba ni da faɗa da ke. Amma ɗiyar ga ba ta ƙara kwana gidan ga. Dubi wuyanta!" Na duba. Wuyan 'yata ya zama kamar na 'yar tsako. Na raka su tasha hannu rabbana, ko ƙuli-ƙuli ban iya saya na miƙa mata ba, don hannuna zai taɓa.

Gidan ya mutu. Ni da Bitrus muka zama kamar 'yan haya biyu, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. In ya je Argungu ganin ta, ni ba na bin sa, don kunya. Me zan kai mata?

Ku ji ta inda Ubangiji ya ɓullo. Muna da maƙwabciya, Inna Kulu, dattijuwa Musulma. Tun da muka tare a unguwar, in an yi Sallah namanta zai shigo gidana, in an yi Kirsimeti kwanon shinkafata zai shiga nata. Kirsimeti biyu kwanona bai je ba, ita kuwa ba ta fasa aiko nama ba. Ranar Kirsimeti na uku sai ga ta da kanta, riƙe da kwano babu komai ciki.

Ta ce, "Maman Godiya, mi niy yi maki? In laihi na, ki hwaɗa min. Ga kwanona na kawo, tunda naki ya mance hanya."

Na buɗe baki zan yi ƙaryar rashin lafiya, sai kuka ya ƙwace mini. Na faɗa mata komai. Ta kama hannuwana, ta juya su, ta daɗe tana kallon tsagar. Ta ce, "Ɗiyata, wanga waswasi na. Ƙanena ya yi shi. Shina alwala shina sakewa har lokacin salla ya wuce, shina kuka kamar yaro. Munka yi ta addu'a, munka kai shi asibiti wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Yanzu ga shi can garin Gulma shina noman shinkafa. Ba hauka ta ba, ba kuma mugunta ta ba. Ciwo na, kuma da maganinai."

Jama'a, ciwo ne! Shekara uku ina ɗaukar kaina muguwar uwa, ashe ciwo ne mai suna.

Tana fita na durƙusa a kicin, nan gaban murhu, rana tsaka. Ban yi doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Ina ta tsaron yarinyar nan daga hannuna har na rasa ta. Ba ni na halicce ta ba, ba ni zan tsare ta ba. Ka karɓa." Tunanin bai gudu a take ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Amma na tashi da ƙarfin da zan ce wa Bitrus ya kai ni asibiti, abin da na yi ta ƙi a baya. Mutumin nan ya sunkuyar da kai, ya share ido da hularsa.

Likita ta ba ni magani, ta kuma ba ni aikin da ya fi maganin ɗaci: in dafa, in zuba, a ci, kada in zubar, kada in koma wanke hannu komai ihun da tunanin zai yi. Wa ya fara ci? Inna Kulu! Ta zauna a tabarmata ta ja kwano ta ce, "In na mutu, ki ce kwaɗaina yaj ja min." Tana ci ina bin kowace loma da ido. Ta suɗe hannu ta ce a ƙaro. Haka muka yi ta yi wata da watanni, yau in ci nasara, gobe in faɗi, jibi in tashi.

Watan jiya na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba a kula, ni da Bitrus muka shiga motar Argungu. Tun daga tasha tunanin yake ce mini in jefar ta taga. Na rungume kular a ƙirji ina kiran sunan Yesu har muka isa.

Godiya ta girma, shekararta takwas. Ta fito ta durƙusa mini kamar baƙuwa, ta ce, "Sannu da zuwa, Maman Birni." Yaya Saratu take kira Mama. Ban ga laifinta ba, wadda ta ciyar da ita ke nan. Amma zuciyata ta tsage, 'yan'uwa, ta tsage.

Na buɗe kular, ƙamshi ya tashi. Ta leƙa, ta ɗago ta ce, "Wanga ma zubarwa za ki yi?"

Na ce, "A'a, Godiya. Wannan ci za mu yi."

Na gutsuro loma, na dangwalo miya, na miƙa mata. Ba ni ta kalla ba, gwaggonta ta kalla. Sai da Yaya Saratu ta gyaɗa mata kai, sannan ta buɗe baki. Ta tauna, ta haɗiye. Ban fizge ba! Ban sa yatsa a bakinta ba! Can ta matso ta sa nata hannun a kular, muka ci tare.

Ba ta dawo gida ba tukuna. Na tambaye ta, ta ce sai ta yi shawara da Mamanta. Shekarun nan uku sun tafi, babu mai mayar mini da su, kuma har yanzu ina shan magani. Amma ina gode wa Yesu da dukan raina, wanda ya ji ni a gaban murhu, ya kuma aiko mini taimako ta ƙofar maƙwabciya. In akwai wadda take zaune a nan tana ɓoye hannuwanta cikin mayafi, 'yar'uwa, kada ki kai shekara uku irina. Ki dogara gare shi, ki buɗe baki, ki je asibiti. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ko wata rana yarinyar nan za ta kira ni Mama, ba tare da Birni ba.

Ga kular nan na zo da ita, ku gani. Wayam ta dawo daga Argungu, kuma wannan karon ba kwata ce ta cinye ba. 'Yata ce. Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.