Hoton Khalil a Bangon Mujalla

A tashar motar Kurfi da ke Dutsin-Ma, wani dattijo ya tare wata budurwa mai tallar mujallar mawaƙan hip-hop.

"Ke 'yar nan, ku ne masu buga wannan shirme?"

"Mu ne, Baba. Da kanmu muke haɗa ta."

"Kun ɗauko yaro da wando a gwiwa kun manna a bango! Wannan surutun ne waƙa?"

"Haba Baba! Khalil fa kan manoman da aka raba da gonakinsu yake waƙa. Wa ya taɓa buga kukansu in ba mu ba?"

"Kun ce ɗan Kurfi ne. Ƙarya! A Barkiya aka binne cibiyarsa!"

"Au, ashe ka karanta?"

"An karanta mini. Kun sa sunan mai kiɗa, kun sa na mai hoto, amma ko sau ɗaya ba ku ce Khalil Labaran ba!"

"Shi ya ce kada mu sa, Baba. Wai mahaifinsa ya hana shi haɗa sunansa da waƙa."

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton.

"In za ku sake bugawa, ku sa."