Bambaro a Gonar Wake

A tashar Bunkure, Barau na ɗaure damin bambaron shinkafa a bayan akori-kura, sai wani mai babbar riga da ke jiran mota ya matso.

"Malam, shanu za ka kai wa?"

"Wake zan kai wa, Alhaji. Shimfiɗa shi nake a gona, ƙasa ta riƙe danshi."

"Wake? Mu ƙona bambaron muke mu yi huɗa. Ko kana cikin ragwayen nan masu shuka ba huɗa?"

"Ni ne ma babbansu. Shekara uku garma ba ta shiga gonata ba. In sara da sungumi, in shuka, in rufe."

"Gara za ta gama da kai."

"Ta ci ta bar min taki. Gonata ce ta ƙarshe a kanal ɗinmu na ban-ruwa. Sai in kwana goma ban ga ruwa ba, masu gonakin sama sun toshe da buhunan ƙasa."

"To ya za mu yi? Tumatir ba ya jira! In ban tare ba..." Alhaji ya gyara hula.

Barau ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya dube shi sosai.

"Ashe ku ne. To ku yi ta tarewa, na daina faɗa a bakin kanal. Jiya na tura yatsa ƙarƙashin bambaro, kwana tara ba ruwa, ya fito da danshi. Ruwan na bar muku. Amma ranar da za ka cinna wa bambaronka wuta, aiko a kira ni in kwashe."