Wa Zai Tayar da Bernice?

Mai girma magajiyar gari, Janelle Hovland, Fasto Tollefson, shugaban 'yan kwana-kwana Gil Prochnow da mutanensa, Marlys, matar marigayi, 'yar'uwata, Curtis, ɗanmu, kai da iyalinka, ragowar 'yan ƙungiyarmu ta masu babura, Tsofaffin Ƙarafa, ku ukun da kuka zaɓi kujerun kusa da ƙofar bayi saboda dalilin da kowa ya sani, jama'ar Kettle Ford baki ɗaya, sannunmu da wannan rashi.

Sunana Merle Dombek. An ce in yi magana ne don na fi kowa daɗewa ina faɗa da Orval Zastrow. Tun muna samari muke yi, kuma ya tafi bai taɓa yarda na fi shi gaskiya ba.

Ya kasance ɗan kwana-kwana na sa-kai tun kafin Gil ya iya ɗaure takalminsa. Ya kasance mai jan ayarinmu duk ƙarshen shekara, babura ɗauke da kayan wasa zuwa wurin yaran asibiti, sanyi na yanka fuska, gemunsa fari fat da ƙanƙara. Ya kasance mai soya kifin Juma'a a wannan zauren, yana ƙona rabi yana cewa man ne bai da kyau. Amma kada mu yaudari kanmu, ba da waɗannan za a fi tuna shi ba. Da Bernice za a tuna shi.

Ga ta can a bakin ƙofa, kun wuce ta da kuka shigo. Da hannunsa ya haɗa ta, daga ƙarafan da ya tsinto a rumbunan manoma. Tanki kamar ɗigon hawaye, marufin taya mai zurfi har ya kusa share ƙasa, hannuwa masu faɗi, kujerar fata can ƙasa, fenti ja mai duhu da ruwan madara. Da ya gama, Marlys ta tambaye shi me ya sa ya ba babur sunan mahaifiyarta. Ya ce, "Ga ƙara, ga wuyar tashi da safe, kuma in ka taɓa ta ba daidai ba sai ta harbe ka." Marlys, kin yi sati ba ki yi masa magana ba. Surukar tasa kuwa daɗi ta ji, har hoto ta ɗauka a kai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejinsa ya sha wa'azin injin nan, ko yana so ko ba ya so. Silinda biyu, a buɗe kamar yatsu biyu, fistin ɗinsu a ɗaure wuri guda, shi ya sa ba sa bugawa daidai. Bugu biyu kusa da kusa, sai ɗan shiru kamar za ta mutu, sai ta dawo. Tun daga gadar kogi muke gane shi da wannan. Da zuciyarsa ta fara ba shi wahala, likita ta ce masa bugunta na tsallake. Ya ce, "Likita, ba lalacewa ba ce, haka ƙirar take." Ta ce ya sha magani dai. Ya sha, wani lokaci.

Da na sayi sabon babur, irin waɗanda ake yi wa kamannin na da amma maɓalli ake dannawa su tashi, ya zagaya shi yana taɓe baki. Ya ce, "Merle, wannan ai jariri ne aka sa wa rigar kakansa." Na ce, "Likitoci sun sa mini ƙarfe a ƙugu yanzu, kai ma ranarka na zuwa." Ya ce, "Ranar da na kasa buga wa Bernice kik, ku haƙa rami." Kai, Orval! Ko a nan ma sai da ya ci gardamar, bai kasa ba har ya tafi.

Ya kasance, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai, mai cika alkawarin ƙungiya. Kun san al'adarmu. In ɗayanmu ya rasu, ana tayar da babur ɗinsa, wani ya hau ya ja gaba zuwa maƙabarta, matakan ƙafa na baya a sauke, don mai shi ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a goye. Mun fi talatin a da. Duk wanda ya tafi, Orval ne ke tayar da babur ɗinsa ya kai shi. Ko babur ya shekara a ƙarƙashin buhu, sai ya yi ta fama har ya tashi. Bai taɓa barin ɗayanmu ya hau tudun maƙabartar can a shiru ba.

Yau ga nasa ya zo, kuma babu mai tayar da Bernice.

Mun gwada, kada ku ce ba mu gwada ba. Arlo ya hau kik ɗin da duk nauyinsa, ta harbo shi, ga shi can ƙafa a naɗe. Butch ya taka sau biyu numfashinsa ya ɗauke, sai da muka zaunar da shi. Dwight ba ya gani sosai, ni kuwa likita ya ce in na kuskura ƙugun nan zai fita. Gil ya kawo mana samari biyu masu ƙarfi, suka yi ta bugu har suka jiƙe da gumi. Ko tari ba ta yi ba. Akwai inda Orval yake murɗa mai, akwai inda yake tsayar da fistin kafin ya taka, a ƙafarsa abin yake, ba a bakinsa ba. Mutum biyu kawai ya koya wa, 'ya'yansa.

Wade, ƙaramin, yana can kan tudun yana jiran babansa. Kun san kwanar hanyar da ta ɗauke ransa, kun san babur ɗin da uban ya haɗa masa da hannunsa. Tun daga ranar Orval bai sake naɗe matakan bayan Bernice ba. Tun daga ranar kuma Curtis ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka babur ba.

Jiya da rana na same shi a gareji yana tsaye yana kallonta. Na ce, "Curtis, bugu ɗaya kawai, ba sai ka hau ba." Ya ce, "Kawu Merle, wannan ƙarar ce ta ƙarshe da na ji daga ƙanena yana fita daga gida. Don Allah kada ka sa ni." Na ƙyale shi, yanzu ma ba roƙo nake ba. Curtis, kana da gaskiya, babu wanda zai zarge ka a garin nan ina raye. Babanka ma bai taɓa zarginka ba, kansa yake zargi.

Marlys, ki yafe mana. Kin ce mini abu ɗaya kike so, ki sake jin ƙarar nan tana hawa tudu. Ba za mu iya ba ki ba. Ba na jin wani zai sake jin ta, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa yara masu tasowa za su ɗauka ba, domin ba sa so, mu kuma mun ƙare. Raina ya ɓaci, wallahi, ban san ma da wa nake fushi ba.

Ga abin da za mu yi. In an tashi daga nan, mu huɗun da muka rage za mu tura ta. Nauyi gare ta, tudun kuma ba ƙarami ba ne, za mu riƙa tsayawa muna hutawa, ku yi haƙuri da mu. Matakan baya suna sauke yadda ya bar su.

Na gode wa Fasto, na gode wa matan coci da suka yi abinci, na gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ubangiji ya karɓi bawansa Orval, ya haɗa shi da ɗansa, ya sanyaya zuciyar Marlys da Curtis. Mu kuma ya ba mu ƙarfin da zai kai mu saman tudun nan yau. Orval, ka kai kowa da ƙara, mu za mu kai ka a shiru. Ka yafe mana. Amin.