Rukayya Ba Ta Juya Baya Ba

Salamu alaikum mai gabatarwa. Hajara ce daga Babura. Ina tuna ƙanwata marigayiya Malama Rukayya, mahaddaciya, wadda har manyan malamai ke aiko mata tambayar gado.

Ranar kasuwa wani sa ya tsinke igiya ya yo kanmu, jama'a suka arce. Ita tana goye da 'yarta Nana, in ta juya yarinyar zai soka. Sai ta tsaya ta fuskance shi. Ya farke mata ciki, jini har takalmina. Ta faɗi rub da ciki, Nana ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Masu cewa tsoro ne ya kafe ta, ƙarya suke.

Yanzu Nana ta fara tambayar yadda uwarta ta rasu. Masu sauraro, yaya zan gaya mata ba tare da ta ɗauka ita ta kashe uwarta ba?