Ba a Fizgar Kurkunu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya kawo mu bakin sabuwar shekara da ranmu. Baƙinmu na Kano ba su san ni ba: ni ne Ɗanladi mai jakai, a nan Gumel nake. Tsinken nan da kuke gani a hannuna ba na sakace ba ne, ku yi haƙuri, zan zo kansa.

Bara war haka, a wannan zaure na Baba Garba kafinta, na miƙe na zayyana muku abin da zan yi a shekara. Na ce zan kai kanwa Kano, in ga jirgin ƙasan nan da ake ta labari da idona. Na ce zan ƙara jaki, in sake jinkar ɗakin Talatu matata. Can ƙarshe, har na fara zama, na ce bayan kaka zan leƙa Yaya Hajo.

Yaya Hajo ita ta goye ni bayan rasuwar uwarmu. Aure ya kai ta wani ƙauye gaba da Maigatari, Turawa suka zo suka ja iyaka, ta faɗa ɓangaren Faransa. Da na bi Almasihu dangi sun ja baya da ni, ita kaɗai ce ba ta fasa aiko mini da daddawa ba. Ita fa na sa a ƙarshe!

Baba Garba ya ce, "Ɗanladi, ban ji ka ce in Allah ya yarda ba."

Na yi dariya na ce, "Baba, ai ƙafa gare ni." Kun san ni da gaggawa, ko fura ba na jira a gama damawa.

To, ƙafar aka taɓa. Kano dai na je, jirgi na gani. Damina na sauka, kurkunu ya fito mini a ƙasan gwiwa. Talatu ta samo tsinke, kullum ta naɗe ɗan abin da ya leƙo ta ɗaure, tana cewa, "Maigida, a bi shi a hankali. Ba a fizgar kurkunu."

Ana cikin haka wani mai raƙumi ya zo daga Maigatari da saƙo: Yaya Hajo tana kwance, ta daina cin abinci, sunana take kira. Hankalina ya tashi. Na ga in na bi na Talatu sai an yi girbi ina zaune a tabarma. Tana fita rijiya na kama tsinken na ja da ƙarfi. Kurkunu ya katse, sauran ya koma ciki.

Wayyo, 'yan'uwa! Ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, zazzaɓi ya rufe ni. Wanzami ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce in gwiwar ta riƙe, ko na tashi sai dai jan gindi. Mai jakai babu ƙafa! Amma ba jakan ne suka fi damuna ba. Tsorona kada Yaya ta cika tana zaton Autanta ya ƙi zuwa.

Ran Lahadi kuka bar zauren nan kuka zo gidana kuka yi sujada. Baba Garba ya dafa ni ya ce, "Yau kai za ka yi addu'a da bakinka." Kuka ya ci ƙarfina, da ƙyar na ce, "Ya Yesu, na tsara shekara ban tambaye ka ba. Ba na roƙon jaki, ba na roƙon ciniki. Ka bar mini ƙafar da za ta kai ni wurin Yaya, ka riƙe mini ranta har in isa."

Ba a daɗe ba kumburin ya fashe da kansa, zazzaɓi ya sauka. Wata safiya na gwada lanƙwasa gwiwa, ta lanƙwasu. Yabo ga Ubangiji! Wannan karon ban motsa ba sai da Talatu ta ce na warke, sannan na hau jaki na kama hanyar Maigatari.

Ina shiga ƙauyen na kasa kunne ko zan ji koke-koke. Shiru. Na yi sallama, sai ga Yaya zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, ta rame, amma da ranta. Ta ɗago ta ƙare mini kallo, ta ce, "Auta, sai yanzu? Ai na ce wa mutuwa ta dakata, ƙanena bai iya sauri ba."

Ni Ɗanladi, wai ban iya sauri ba! Na durƙusa gabanta a kan gwiwar nan, ina dariya ina hawaye.

Ga shirin bana. In Allah ya yarda, jibi zan tafi in ɗauko Yaya ta yi rani a wurinmu. Jinka kuwa, Talatu, ban manta ba, ita ma in Allah ya yarda. Sauran na bar wa Mai shi.

Ku yi shirinku, 'yan'uwa, amma ku fara miƙa shi ga Ubangiji, wanda kuma ya goye ku kada ku sa shi a ƙarshe. Tsinken nan a hulata yake kwana. Duk ran da gaggawa ta taso mini sai in taɓa shi. Godiya ga Yesu da ya bar mini ƙafata, ya kuma bar mini Yayata. Amin.